Ciki da Falo a Bayan Tasha

Kontagora, 21 ga Afrilu

Yaya Ruka,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Auwal da yara. Yaya ƙafar taki? In har yanzu da ita kike taka keken ɗinki daga safe zuwa la'asar, ba sai kin ba ni amsa ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da zafin da ya mayar da kowa a garin nan mai saurin fushi.

Takarda na rubuto na ba direban Kaduna domin na san wayarki ta fi zama a aljihun Malam fiye da hannunki, maganar kuwa ba ta kunnensa ba ce.

Kin san an tura ni koyar da kimiyya a wata sakandare a hanyar Rijau, inda babu gidan malamai. Motar farko tana tashi daga tasha ƙarfe shida da rabi. Wanda ya rasa ta sai ya jira ta biyu ta cika, ita kuma ba ta da agogo. Inda nake sauka yanzu gidan surukan wata abokiyar aikina ne, can ƙarshen gari, ɗaki ɗaya ni da yara biyar da injin markaɗe. Sau tara na makara a zangon da ya wuce. Shugaban makaranta ya daina yi mini faɗa, ya koma duba agogonsa idan na shigo, wanda ya fi faɗan zafi.

Shi ya sa nake neman ɗaki kusa da tasha, har na zama masaniya a fannin. Ɗaki ɗaya, banɗaki na kowa da kowa, dubu casa'in zuwa ɗari da ashirin a shekara. Ciki da falo, ɗari da tamanin zuwa ɗari biyu da hamsin, ya danganta da ko rijiyar gidan tana da ruwa ko tarihin ruwa. Mai banɗaki da kicin a ciki, wanda dillalai ke kira sef-kon, ɗari uku ne, kuma da ladabi suke faɗin sunan kamar na surukinsu. Kana nisa da tasha farashi yana sauka, har ka kai inda nake yanzu, inda ba mai so. Dillali yana da la'adarsa, kashi goma, amma kafin nan akwai kuɗin gani, dubu biyu, ko ɗakin ya yi maka ko bai yi ba.

Dillalina sunansa Ɗanjuma. Yana da babur da makullai kusan arba'in a ƙugu, rabinsu ina zargin ba sa buɗe komai. Ɗakuna takwas ya nuna mini, uku suka yi mini. A duka ukun tambaya ɗaya aka yi, ba ta aiki ba, ba ta albashi ba: "Ina maigidan?" Da na ce babu, wani Alhaji ya dube ni kamar na ce ba ni da ƙoda. Ya ce shi ba ya ba mace zalla haya, ba don komai ba sai don unguwar tasha ce, maza sun yi yawa. Na ce to ai sai ya rage ba mazan. Bai yi dariya ba. A hanya Ɗanjuma ya ce, "Malama, ki riƙa rage turanci a gaban masu gida." Da Hausa na yi maganar.

Saura ɗaya ban shiga ba tukuna, ciki da falo a bayan tasha, gidan wata Hajiya Bashira mai sayar da abinci, dubu ɗari biyu. Daga ƙofar gidan ana jin ɗan kamasho yana kiran Rijau mutum ɗaya. Kuɗin na tara. Mijin ne ban tara ba. Tun rasuwar Inna ba ni da wanda zan kai wa irin wannan sai ke 'yar gwaggona, in kina da dabara ki aiko.

Ƙanwarki,
Salihatu

*

Kaduna

Salihatu 'yar boko,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, ɗinki kuwa in ban taka ba wa zai taka. Takardarki ta iso, na karanta a kicin.

Ke da digirinki kin rasa dabara, ni da ban gama aji uku ba ga tawa. Khalilu ƙanena yana bin hanyarku da tirela sau biyu a wata, daga Legas zuwa Sakkwato, kuma a tasharku yake tsayawa cin abinci. Taubashinki ne, tun kina goye yake ce miki matata, ko a gaban Fadimatu matarsa faɗa yake yi tana dariya. To ya faɗa sau ɗaya a inda za ta yi amfani. Na kira shi da wayar maƙwabciya, ya yi dariya har ya ƙware, ya ce sadakinki buhun albasa ne.

Zai je ya sa hannu a takardar haya, ke ki biya kuɗinki ki shiga. Direban babbar mota ba mai tambayar me ya sa ba ya kwana gida. Ba wanda aka cuta a ciki. Amma kada Malam ya ji, kin san shi, kuma kada Fadimatu ta ji, ba don tana da laifi ba, mutanen Zugurma, inda take zaune, su ne ba sa riƙe magana.

Ki riƙa cin abinci, hoton da kika turo da salla duk wuya ne.

Yayarki,
Ruka

*

Kontagora, 12 ga Mayu

Yaya Ruka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, an yi ruwan farko, rijiyar Hajiya ta tabbatar da cewa ba tarihi ba ce. Daga falona nake rubuto miki. Ki lura da kalmar, falona.

Ƙanenki ya ɓata basirarsa a tuƙi. Ya zo cikin farar shadda da hula, ya durƙusa ya gai da Hajiya Bashira, ashe shekara goma yana cin tuwonta. Ta ce, "Khalilu, ka yi amarya shi ne ba ka gaya mana ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, 'yar gida ce, ba a yi taro ba." Ni ina gefe ina nazarin farcen ƙafata. Ɗanjuma, wanda mako uku da suka wuce ya san ba ni da miji, ya miƙa masa biro da hannu biyu. Daga baya ya ce mini shi abin da aka gaya masa yake rubutawa.

Khalilu bai ko zauna a ɗakin ba. A bakin ƙofar falo ya sha ruwa a tsaye, ya sauke buhun albasar da ya yi alkawari, ya ce, "Matata, a riƙa sa nama da yawa." Na ce Allah ya kiyaye hanya, a gai da masu gareji. Zai fita sai ya ƙara abin da ba ya cikin shirinmu, ya ce, "Hajiya, ga amana nan." Na san don wasan ya yi kyau ya faɗa. Hajiya ba ta san wasa ba ne.

Yanzu minti huɗu ne daga ƙofata zuwa mota. Ban sake makara ba, shugaban makaranta ya rasa abin yi da agogonsa. 'Yan kamasho suna ajiye mini gidan gaba, suna cewa a matsa wa matar Khalilu. Ga riba ke nan.

Ga kuma sauran. Ba na fita sai na leƙa rumfar Hajiya na ce na tafi, ba na dawowa sai na ce na dawo. Ranar da na tsaya kasuwa na kai ƙarfe biyar, ta aika har wajen direban da ya ɗauko ni a tambayo inda na sauka. Ta ce jan bakina ya yi yawa ga macen da mijinta ke kan hanya. Silin gidan ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, in na yi atishawa daga ɗaki na uku ake yi mini addu'a, saboda haka kada ki kira ni da wata magana a waya, ki ci gaba da ba direba.

Akwai wani Malam Husaini mai koyar da lissafi a makarantarmu. Ban gaya miki ba domin babu abin faɗa tukuna: littafi biyu ya ara mini, sau uku ya raka ni bakin titi. Makon jiya ya biyo ta tasha ya ji yadda ake kirana. Yanzu daga nesa yake gaishe ni, ya ce, "Hajiya, ya maigida?" Na ce yana hanya. Wannan kam gaskiya ce.

Na nemi a mayar da ni wata makaranta a cikin gari, an ce sai Satumba. In ta yiwu sai in bar unguwar tasha in saki ƙanenki cikin mutunci. Kafin nan ki gaya mini yadda ake zama da Hajiya, ke da kika yi shekara sha biyar da uwar miji.

Salihatu

*

Kaduna

Ƙanwata,

Muna lafiya, yara suna gaishe ki. A gurguje nake, direban yana jira.

Ki yi haƙuri, ki danne zuciyarki. Duk abin da Hajiya ta ce ki yi, ki yi, kada ki yi mata gardamar boko. Wata huɗu ne da 'yan kwanaki, kamar yau ne, ki fita lafiya ba wanda ya san komai. In kika buɗe baki yanzu duk mun shiga uku, har da ni. Ki yi shiru kawai.

Ruka

*

Kontagora, 8 ga Yuni

Yaya Ruka,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri. Allah ya jiƙan Khalilu, ya sa hatsarin nan ya zama kaffara, ya ba ki dangana. Na aiko wannan Zugurma domin na san kina can. Lafiyar jikina ƙalau. Sauran ki karanta a inda ba kowa.

Da kika kira ranar kina kuka kin ji ina cewa to, to, kamar wadda aka gaya wa farashin gero. Mata goma sha ɗaya ne a falona a lokacin. Bari in gaya miki yadda aka yi.

Labarin ya riga ni isowa, domin direbobin da suka taso daga Mokwa sun ga tirelar a kife tun da hantsi. Ƙarfe uku na sauko daga motar makaranta na ga tasha ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. Ɗan kamashon da ke ajiye mini gidan gaba ya kau da kai. Hajiya ta rufe rumfarta da tukwane cike da abinci. Ita ta kama hannuna ta gaya mini a bakin ƙofa, kafin in shiga har an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida.

Na yi kuka, Yaya, kukan gaskiya. Shi ya kai ni jami'a da akwatina a bayan mota, ya tsaya a bakin get yana ce wa masu gadi matarsa ce za ta zama farfesa. Shi ya sa ba wanda ya yi shakka. Da ƙarya nake yi da wataƙila wata ta gane.

Da na natsu na ɗauko jaka na ce zan tafi Zugurma. Hajiya ta karɓe jakar. Ta ce mai takaba ba ta tafiya, a ɗakin da miji ya ajiye mace take zama, nan kuwa ya ajiye ni, a gabanta ya sa hannu. Da hannunta ta cire mini 'yan kunne. Ta kawo mini zane da mayafi marasa ado, ta ce da su ta yi takabar Alhajinta. Ta kwashe turarena da kwalli ta kulle a ɗakinta. Na buɗe baki zan yi magana, wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Yi shiru 'yar nan, mun sani." Ba su sani ba.

A rana ta uku takardarki ta iso. Duk abin da Hajiya ta ce ki yi, wata huɗu ne da 'yan kwanaki, ki yi shiru. Ke ba kya sa kwanan wata, kuma babu ta'aziyya a ciki, na lura da wannan. Amma na ce wataƙila ruɗewa ce ta sa, na ɗauka umarni kike ba ni. Ba zan ɓoye miki ba, fassarar da ta fi mini sauƙi na zaɓa.

Yau kwana shida ban taka ƙofar gida ba. Direbobi suna zuwa rukuni-rukuni, su tsaya a zaure su yi addu'a, ni ina amsawa daga bayan labule. Makaranta ta turo malamai biyar. Shugaba ya ba ni hutu har arba'in, ya ce bai san ina da aure ba, a fayil ɗina babu. Malam Husaini ne ya ja addu'ar, kuma ya iya.

Safe da rana Hajiya take aiko da abinci, da nama da yawa. Ƙarfe shida da rabi ina jin motar Rijau tana tashi, minti huɗu daga inda nake zaune. Ɗakin da na kama don in riƙa fita da wuri ke nan.

Yaya Fadimatu take, ita da jaririnta? Ki yi mata gaisuwa da sunana, ki ce ba ni da lafiya.

Salihatu

*

Zugurma

Salihatu,

Muna nan da haƙuri. Gobe Malam zai mayar da mu Kaduna, shi ya sa nake rubuta wannan a bayan rumbu.

Me kika aikata? Waccan takarda kwana tara kafin rasuwa na rubuta ta, motar direban ce ta lalace ya bar ta a gareji. Maganar canjin makarantarki nake yi. Ni zan ce ki shiga takabar wanda ba mijinki ba? Ina tsoron Allah.

Ba sai na ce ba ki da lafiya ba, kowa ya san inda kike. Ranar addu'ar bakwai direbobi sun zo mota biyu daga tasharku. Babbansu ya tashi a gaban maza ya ce sun riga sun yi wa amaryar marigayi gaisuwa a Kontagora, tana nan cikin takaba, yarinya mai hankali, malamar makaranta. Kafin a shafa fatiha maganar ta shiga cikin gida. Liman ya ce a dakata da rabon gado sai an tabbatar mata nawa ya bari.

Fadimatu ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Abinci ta daina ci. Na ja ta ɗaki na gaya mata komai, na ce ni na ƙulla, don ɗakin haya ne. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Yaya, na gode da kike son ki rufa masa asiri. Amma wace mace ce za ta zauna takaba don ɗaki?" Ta ce shekara sha ɗaya yana ce miki matata a gabanta tana dariya, ashe ita ce abin dariyar. Nononta ya fara ɗaukewa, yaron wata biyar ne, kunu ake ɗura masa.

Ban iya faɗa a gaban maza ba, Malam yana zaune. Ki kira ni matsoraciya, na yarda. Amma ko na faɗa, muddin kina cikin zanen nan ba mai yarda da ni.

Ga bargon da yake rufa da shi a mota. Ita ta ce a kawo miki, wai ke ma kina da haƙƙi a kansa.

Ruka

*

Kontagora, 22 ga Yuni

Yaya Ruka,

Ina fata kun isa Kaduna lafiya. Ni ina nan, har na yi ƙiba, wuyan da kike kuka da shi ya cike.

Bargon ya iso. Warin gas da albasa yake yi. Na ajiye shi a kan kujera, duk inda na juya a ciki da falon nan yana gabana.

Ba matsoraciya zan kira ki ba, domin sau uku na shirya gaya wa Hajiya. Na farko ta shigo da kunun gyaɗa. Na biyu ta zauna tana ba ni labarin yadda dangin Alhajinta suka so fitar da ita daga gidan nan tana cikin takaba, ta ce ni ba wanda zai taɓa ni tana raye. Na uku ba ta kawo komai ba, ni ce na kasa.

Ki san abin da ke gabana. In na faɗa, ɗakin ya tafi. Kuma ba Hajiya kaɗai na yi wa ƙarya ba, tasha guda ce, mutanen da suka bar lodi suka zo suka yi mini addu'a, waɗanda motarsu zan ci gaba da shiga kullum. Makaranta ma haka.

Jiya Ɗanjuma dillali ya zo gaisuwa, shi kaɗai ne a garin nan ya san gaskiya. Ya tsaya a bayan labule ya rage murya ya ce, "Malama, kada ki yi gaggawa. Saura kwana ɗari da goma. Kina fita kin zama wadda mijinta ya rasu, ita kuwa duk Kontagora ba mai hana ta ɗaki, har ragi ake yi mata. Wannan ya fi miji mai rai." Na kore shi. Amma bayan ya tafi na daɗe ina juya maganar, kuma ban sami kuskure a lissafinsa ba. In ban da yaron da ake ɗura wa kunu.

Ki ba ni 'yan kwanaki.

Salihatu

*

Kontagora, 6 ga Yuli

Yaya Ruka,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ƙafa kuma ta bar ki kin huta. Ni lafiya lau. In kin ji kuskure a rubutun nan, injin markaɗe ne yake aiki a kusa da kunnena.

Ranar ashirin da bakwai ga Yuni, da hantsi, na sami Hajiya a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ce, "Hajiya, Khalilu ba mijina ba ne. Ɗan gwaggona ne. Ɗaki nake so aka ce sai da miji, shi ne ya ara mini sunansa."

Ba ta ɗago ba. Ta tsince tsakuwa uku ta jefar, sannan ta ce, "Da kuka zo, me ya hana ki gaya mini gaskiya?"

Na ce, "Da kin ba ni ɗakin?"

Ta yi tunani, domin ita ba ta ƙarya. Ta ce, "Da ban ba ki ba."

Can ta ce, "Kwana ashirin da biyar ina dafa miki. Na rufe rumfata. Zanen da ke jikinki ban taɓa ba kowa shi ba." Na ce ta yafe mini. Ta ce yafiya ta Allah ce, in wanke zanen in kawo mata, kuma zuwa ƙarshen wata in kwashe kayana. Ta ce ba fushi ba ne, ƙa'idar gidan ce, ba ta ba mace zalla haya. Da yamma ta aiko da turarena da kwallina da ragowar kuɗin hayar a ƙulle a leda. Ɗanjuma ya ce tun da yake dillanci bai taɓa ganin kuɗin haya ya dawo ba. Ban ɗauke shi alheri ba, ba ta son komai nawa ya kwana a gidanta.

Washegari na sa atamfa mai ruwan goro da 'yan kunne, na zizara kwalli, na ɗauki bargon na shiga tasha. Tunda su suka kai labarin Zugurma, na ga su ya kamata su mayar da shi. Na sami babban direbobin a kan benci yana shan shayi, na faɗa masa a gaban mutanensa, da muryar da nake koyarwa a aji mai yara saba'in. Ba wanda ya zage ni. Wani ya ce, "Allah ya jiƙan Khalilu, har ya mutu yana wasa da mu." Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. A motar Zugurma kujerar baya aka ba ni, tsakanin buhun taki da wata mata mai kaji.

Na sami Fadimatu a ɗakinta, ta rame har na kusa ban gane ta ba. Ta daɗe tana kallon atamfar da kwallin. Na ajiye bargon a gabanta na ce nata ne, ba ni da haƙƙi a ko zare ɗaya. Na fara bayanin farashin ɗakuna da masu gida, ta ɗaga hannu. Abu ɗaya ta tambaya: "Ya taɓa kwana a ɗakin?"

Na ce, "Ko zama bai yi ba. A bakin ƙofa ya sha ruwa a tsaye, ya ce a riƙa sa nama da yawa, ya tafi."

Ta ce, "A tsaye. Kullum ina yi masa faɗa a kan wannan." Sai ta kifa fuska a bargon ta yi kukan da kika ce ba ta yi ba. Kafin in taso ta ci tuwo rabin malmala, a gabana. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban tambaya ba. Na maimaita wa Liman a zaure, ya yi mini nasiha ta minti arba'in, na cancanci talatin daga ciki. Na ce dabarar tawa ce ni kaɗai, saboda haka ki bar Malam da wayarsa.

Na koma makaranta ranar Litinin. Shugaba ya karɓi bayanina a rubuce, ya ce hutun da na ci za a duba. Malam Husaini ya daina ce mini Hajiya, ya daina ce mini komai. Canjin makaranta an ce yanzu sai Janairu. Na dawo ɗakin yara biyar, sun yi murna, sun ce na yi ƙiba. Sau biyu na makara a makon nan, agogon shugaba ya sami aiki.

Jiya Ɗanjuma ya tare ni a bakin tasha. Ɗakina har ya ba wani mai sayar da taya, ɗari biyu da talatin, wai damina ta sa gidaje sun tashi. Ya ce akwai wani ciki da falo a bayan gidan mai, minti bakwai zuwa mota, mai gidan baƙo ne daga Yawuri, bai san kowa ba, bai ji komai ba. Ya karkaɗa makullansa ya ce, "In ya tambayi maigida, me zan ce?"

Na ce ya ce babu.

Ya dube ni, ya dubi babur ɗinsa, ya ce to, kuɗin gani dubu biyu ne.

Gobe bayan la'asar za mu je.

Ƙanwarki,
Salihatu